Hannun Lawali da Ƙwallon Aduwa Goma

Har ƙasa ta rufe mini ido ba na jin zan manta da ranar da iska ta fizge mini takarda a tungar su Lawali, na juyo ba shiri, na ga abin da na yi shekara biyar ban gani ba. Ku da kuka fito makaranta bana, kuna ta rawar kai da sababbin fararen riguna, ku gyara zama. Wanda wayarsa ta yi kuka ya bar ta ta yi ta yi. Labarin hannun mutum ɗaya ne, hannun dama, da yadda aka damƙa mini amanarsa.

Lokacin ni ne majo a wani CSI da ke arewa da Tanut, a hanyar Tenhya. Ga wanda bai san aikinmu ba, CSI shi ne gidan likitan karkara, majo kuma shi ne anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, da ke riƙe da shi. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke ɗinki, shi ke rubuta rapor, wato rahoton aiki, in famfo ya lalace ma shi ake kira. Mu uku ne a wurin: ni, da ungozoma Madam Zainabu, da mai gadi. A samanmu akwai medisan-shef, wato likita babba na distirik, yana zaune a Tanut. Abin da ya fi ƙarfina in tura masa, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura Damagaram.

Duk wanda ya zauna Damargu ya san wutar daji. In damina ta yi kyau, ciyawa ta kai gwiwa, kaka ta shigo ta bushe ƙayau, to garwashin shayi ɗaya da wani ya manta bai binne ba ya isa. Sai maza su fita da rassan itace da jiƙaƙƙun buhuna su yi ta duka. Lawali na cikin waɗanda suka fita a wata shekara irin wannan. Manomi ne mai 'yan awaki, bai wuce arba'in ba. Iska ta juya musu, rigarsa irin ta roba ce ta kasuwa, ta kama ta manne masa, rawanin ma ya kama. Aka kawo mini shi a amalanke, an labta masa ɗanyen ƙwai da toka, wai magani. Na zazzage masu rakiyar tas, sannan na sa masa ruwa, na kira ambilans.

Wuta ta ci shi daga ƙasan idanu zuwa ƙirji, da hannun dama gaba ɗaya. Wata huɗu ya yi a Damagaram. Da ya dawo, ni na ci gaba da yi masa pansama, wato wanki da ɗaurin ciwo, kwana bibbiyu har wata biyu. Saboda haka hannun nan na san shi fiye da nawa. Yatsu uku, na tsakiya da na zobe da ƙaramin, sun haɗe sun lanƙwashe cikin tafi, fatar tana sheƙi kamar leda. Leɓen ƙasa ya janye ya manne da haɓa, bakin ba ya rufuwa, wuyan ya ɗaure da ƙirji. Muryar ma hayaƙi ya dusashe ta. Da ciwon ya rufe na sallame shi, ya koma tunga.

Shekara guda bayan haka distirik ya aiko mana da fish, wato takardar bibiya, ta manyan da suka tsira daga ƙuna. Sau ɗaya a shekara za ka bi mutum gida ka cike ta. Yana barci? Yana aiki? Yana shiga kasuwa da masallaci? Yaya tabon yake? Tambayar ƙarshe kuma, jin daɗin rayuwarsa ya kai nawa, daga sifili zuwa goma. Ranar da aka raba mana ita, medisan-shef ya sa yatsa a kan gidan tabo ya ce mana: «Wannan kada ku yi wasa da shi. Tsohon tabon wuta yakan buɗe ya ƙi rufuwa, ya koma ciwon daji. In an gani da wuri, a yanke ciwon kaɗai. In an makara, sai a cire hannun, ko ya tafi da mutum. Ku duba da ido, ku taɓa da hannu.» Na ji, har na rubuta a littafina.

Amma ni tambayar ƙarshen ce ta hana ni sakat. Ku je ku tambayi mutumin Damargu yaya rayuwa. Ko jiya rumbunsa ya ƙone, «alhamdulillahi» zai ce maka. Ka ce masa daga sifili zuwa goma fa, ya ce «sai godiya, Majo.» To ina zan rubuta sai godiya a gidan lamba? Sai na yi dabara. Na tsinci ƙwallon aduwa goma, na samo 'yar ƙwarya da faifai. In ajiye wa mutum, in ce ya zuba gwargwadon daɗin da yake ji a ransa, ya rufe da faifai, ni kuwa in juya masa baya don kada kunya ta kama shi. Wallahi ta yi aiki. Wata tsohuwa da fitila ta ƙona wa ƙafa ta ce mini alhamdulillahi sau uku, na juya baya, na juyo na tarar da ƙwallo biyu, tana share hawaye. A taron Tanut medisan-shef ya yabe ni gaban kowa, har abokan aiki na wajen Ollelewa da Belbeji suka ara. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Tungar su Lawali tafiyar awa guda ce a moto, wato babur, cikin rairayi. Gida uku ne kacal, babu maƙwabta. Nakan je bayan an gama girbi, in isa da hantsi. Tun zuwan farko aka shigar da ni wani ɗaki mai duhu, ni kuwa na fito daga hasken rana, idona bai gama washewa ba. Yana zaune can ƙurya, ya ja amawali har ƙasan idanu, ya sa babbar riga, hannayen duka suna cikin hannun riga. Na miƙa masa hannu, sai ya ɗora nasa a ƙirji a lulluɓe. Tausayi ya kama ni, na ce a raina kunyar hannun yake ji, na janye nawa. Kuma ku kun sani, a ƙasarmu ba a ce wa babban mutum ya sauke amawali. Mun zauna da Buzaye mun koya, kamar ka ce masa ya tuɓe wando ne.

«Lawali, yaya tabon?»

«Ya warke, Majo.» Muryar ƙasa-ƙasa, da ƙyar nake ji.

«Hannun fa?»

«Yana aiki.»

Na rubuta, na ajiye ƙwarya, na juya baya. Shekarar farko huɗu. Ta biyu shida. Ta uku takwas. Duk wanda nake bi, nasa hawa da sauka yake yi, bana biyar baɗi uku, amma na Lawali sai sama. A shekara ta ukun ne wasu likitocin fiɗa suka zo Damagaram don sakin tabon da ya ɗaure mutane. Medisan-shef ya kira ni a waya ya ce in ba da sunaye. Na ba da biyu.

Ya ce, «Mutumin nan naka na wutar daji fa?»

Na ce, «Dokta, ai wannan shi ne gwanina. Takwas ya zuba bana, noma ma yake yi.»

Ya ce, «To madalla,» ya ajiye waya.

A cikin waɗannan shekarun ne wata magana ta fara yawo a bakin makiyaya. Gabas da tungar akwai wani kufai, inda kakannin su Lawali suka zauna suka tashi, da tsohuwar rijiya. Wata rana wani Bafillatani ya kawo mini matarsa tana kakkarwa. Ta ce da tsakar rana ta bi ta kufan neman maraƙi, ta ga wani abu yana jan ruwa da hannu ɗaya, yana riƙe igiya da haƙori, ba shi da wuya, bakinsa a buɗe har haɓa. Na gwada jininta na ga zazzaɓin sauro ne, na ba ta magani, na ce wa mijin, «Aljanin naku fuka-fuki gare shi, gidan sauro za ka saya masa.» Na yi ta dariya. Madam Zainabu ba ta yi ba. Ta ce mini wannan ce ta uku da ta ji ta faɗi haka, kuma makiyaya sun daina bi ta wurin da dabbobinsu. Na ce mata ta bar ni da tatsuniya, ina da rapor.

Shekara ta huɗu tara ya zuba. Sai ta biyar.

Ranar na makara, tayar moto ta yi mini faci a hanya, sai wajen azahar na isa. Tungar tsit, ko kukan kaza babu. Na yi sallama aka amsa daga cikin ɗakin nan. Yana zaune inda yake zama, kamar tun bara bai motsa ba. Muka yi tambayoyinmu, na ajiye ƙwarya, na juya baya, fish ɗin yana kan gwiwata. Sai wata 'yar guguwa ta shigo ta ƙofa, ba ta taɓa komai ba sai takardar, ta ɗauke ta ta bayana. Na juyo don in cafke.

Hannun yana waje. Na dama. Yatsu biyar, dogaye, a miƙe, da gashi a bayansu, da farce a kowane ɗaya. A yatsan da na yi wata biyu ina cusa kwampires, ƙyallen ɗaurin ciwo, ƙarƙashinsa don kada ya ruɓe, akwai zoben azurfa. Babu tabo ko na ƙwayar gero. Kuma bai tsaya ba. Idanun nan suna kallona ta saman amawali, hannun yana ta sakin ƙwallo cikin ƙwarya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har goma. Ya ɗauki faifai ya rufe, ya mayar da hannun cikin riga a hankali.

Jama'a, na ji tsoro. Na nemi Ayatul Kursiyyu a kaina ta ɓace mini daga tsakiya. Ni da na yi wa Bafillatani dariya! Na buɗe faifai, na rubuta goma, na ce «madalla,» na fita. Moto ya ƙi tashi sai a bugu na huɗu. Duk lokacin nan yana tsaye a bakin ƙofa, yana kallona. Sau biyu na faɗi cikin rairayi kafin in kai gida.

Na sami Madam Zainabu tana wanke kayan aiki, na zayyana mata. Na ce, «Madam, ke ma kin san yatsun da suka haɗe ba sa rabuwa sai da wuƙar likita. Ko an raba su, ina tabon?» Sai ta leƙa rumfar masu jiran awo ta kira wata mata 'yar wannan yankin, ta tambaye ta labarin Lawali mai ƙuna. Matar ta ce, «Lawali? Ai ya fi shekara biyar ba wanda ya sa shi a ido. Wasu sun ce Libiya ya tafi, wasu sun ce a hanya ya rasu.»

Na zauna a kan benci. Na ce, «To ni da wa nake magana duk shekarun nan?»

Madam ta sallami matar, ta goge hannu, ta ce, «Majo, tsakaninka da Allah, a zuwa biyar ɗin nan ka taɓa ganin fuskarsa?»

Na ce, «Idanunsa kaɗai.»

«Hannun fa, ka taɓa taɓawa?»

Na girgiza kai. Ta ɗauko tsohon rajista ta buɗe ranar da aka kawo shi, ta nuna mini gidan da ake rubuta ɗan rakiya. Da rubutuna, da hannuna: Sani, ƙanensa.

Washegari da sassafe na koma. Na tarar da mutum yana gyaran danga, fuska a buɗe, zoben azurfa a yatsa. Idanunsa da goshinsa sak na Lawali, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya gan ni bai gudu ba, ya ajiye gatari. Tsoron jiya ya koma mini fushi.

«Kai Sani! Ni za ka mayar mahaukaci? Shekara biyar ina ƙona esansi a moto ina zuwa ina gaida rawani? Ina yayanka? In ya mutu ka faɗa mini!»

Ya ce, «Yana da rai, Majo. Ka zauna, don Allah.»

Ban zauna ba, a tsaye na ji. Ya ce bayan na sallami Lawali, an yi suna a garin da suke zuwa Juma'a, suka je tare. Aka kawo tuwo, maza shida suka kewaye akushi. Lawali ya sauke amawali don ya ci, ya sa hannun hagu, miya tana zubo masa ta leɓen da ba ya rufuwa. Ɗaya ya ce ya ƙoshi. Ɗaya ya tuna bai ɗaure jakinsa ba. Kafin loma biyar, shi kaɗai ne a gaban akushin. Suka dawo gida. Da safe ya kora awakinsa ya tafi kufai, ya ce wa matarsa Hadiza ta koma gidansu, ya sa Sani ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗa wa kowa inda yake ba.

«Da saƙonka ya zo cewa za ka riƙa zuwa, Yaya ya ce in ka gan shi za ka mayar da shi Damagaram a yi ta kallonsa. Ya ce in ja amawali in zauna a madadinsa, in rage murya.»

Na ce, «To ƙwallayen fa? Wa ya ce ka yi ta ƙarawa?»

Ya sunkuyar da kai. «Shekarar farko na zuba huɗu, na ji ka yi ajiyar zuciya. Ta biyu na zuba shida, na ga ka yi murmushi ka ce madalla. Na ga kana jin daɗi in sun ƙaru, kuma ka sha hanya. Shi ya sa.»

Kai! Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tambaye shi don me jiya bai ɓoye hannun ba da na juyo. Ya ce ya gaji. Ya ce rantsuwa ta hana shi faɗa da baki, amma bai rantse zai ɓoye hannu ba, tunda kuma na gano, ya gwammace ya faɗa ya yi kaffara. «Majo, hannun Yaya ya buɗe. Ya fi shekara guda. Yanzu wari yake.»

A ƙafa muka tafi, don ya ce in Lawali ya ji ƙarar moto zai shige daji. Rana ta take tsaka muka isa. Kufan nan, ban taɓa shiga wuri mai shiru irinsa ba. Ganuwar gidaje ta narke ta koma tuddai, ga wani busasshen gawo, ga rijiya da igiya a naɗe a bakinta. Na duba igiyar, duk tsawonta tabon haƙori ne. Awaki kusan ashirin suna kwance a inuwa, suka ɗago kai gaba ɗaya suka zuba mini ido, ko ɗaya ba ta yi kuka ba. Can gefe akwai bukkar zana ɗaya da ɗan rumbu. Warin ya tarye ni tun kafin in kai ƙofa, kuma na san irinsa.

Ban kai ga yin sallama ba, murya ta fito daga ciki, a dushe, tana fita da iska.

«Majo. Har yanzu kana jan ƙafar hagu.»

Na ce, «Salamu alaikum, Lawali.»

«Wa alaikumus salam. Shigo. Ba na cizo, igiya kaɗai nake cizo.»

Ba rawani a kansa. Tabon ya ƙara ja, haɓar ta kusa manne wa ƙirji, sai ya karkata jiki gaba ɗaya kafin ya dube ni. Abin da Bafillatanar nan ta gani ke nan, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Na durƙusa na ce ya ba ni hannun. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo. Na kwance tsumman. A bayan hannun, daga gindin yatsu har ya wuce wuyan hannu, nama ya tsiro ya yi tudu, bakinsa a birkice, yana jini da an taɓa. Na lalubi hammatarsa. Zuciyata ta karye, don abin da medisan-shef ya sa wa yatsa ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ina cikin wankewa idona ya kai jikin zana. Gwangwanin tumatir ne guda biyar a jere, an binne gindinsu cikin rairayi.

Ya ce, «Naka ne. Duk shekara Sani yakan zo ya faɗa mini ka zo da ƙwaryarka. In ya tafi, sai ni ma in zuba nawa. Duba.»

Na ɗauki na farko, babu komai ciki.

«Wannan shekarar mutuwa na roƙa, safe da yamma. Allah Ya yafe mini.»

Na biyu, ƙwallo ɗaya.

«Akuyata ta haifi biyu ta mutu. Ni na shayar da su da tsumma. Su ba ruwansu da fuska.»

Na uku, uku. Ya ce a shekarar ya koyi shuka da hannun hagu, ya cika ɗan rumbun nan. Shekarar da na ce wa Dokta takwas ke nan. Na huɗu, biyu.

«Hannun ya buɗe. Kuma Inna ta rasu. Daga kan tudun can na tsaya na hango ana ɗauke da ita.»

Na ɗauki na biyar na ji nauyi. Na juye a tafina, shida. Na dube shi, na dubi hannun da ke ruɓewa. Na ce, «Shida, Lawali? Da wannan?»

Kafin ya amsa, inuwa ta rufe ƙofa. Mace ce da tulu a ka. Ta sauke, ta durƙusa ta gaishe ni. Hadiza ce. Ashe bara ta bi sawun Sani a ɓoye har kufan. Lawali ya ce ya kore ta, ta ƙi tafiya. Ranar ta tuƙa tuwo ta zuba a kwano ɗaya, ta zauna gabansa ta sa hannu.

Ya ce, «Majo, ko muna amarci ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya ba, wa ke yin haka? Ta ci tana kallona, miya tana zubo mini, har ta suɗe kwanon. To ka ce nawa zan zuba?»

Na gaya masa gaskiyar abin da nake zato, na ce dole mu tafi yau. Ya ce ba inda za shi, ya gama da kallon mutane. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo masa Allah da Annabi, ya kafe. Hadiza ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, «Malam, shekara huɗu na yi ana ce mini matar mamaci, na haƙura. In ka bari ya tabbata, ban yafe ba.» Sai Lawali ya ce wa Sani ya miƙo masa rawaninsa.

A Tanut na shiga ofishin medisan-shef da fish biyar a hannu, na faɗa masa komai ban rage ba. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, «Ka taɓa hannun?» Na ce, «Sai jiya, Dokta.» Ya miƙo mini jan biro ya ce in soke su ɗaya bayan ɗaya, in rubuta dalili a kan kowace, in sa hannu. Na soke huɗu da shida da takwas da tara da goma. A gefe na rubuta sifili, ɗaya, uku, biyu, shida. A Damagaram suka yanki nama suka aika gwaji, ya dawo ciwon daji. Suka cire hannun daga ƙasan gwiwar hannu, suka kwashe ƙululun hammata, daga baya suka sakar masa wuya da leɓe. Likitan da ya yi aikin ya ce mini da lokacin da ya fara buɗewa aka kawo shi, da ciwon kaɗai za a yanke. Bai san ni ne mai fish ɗin ba, ni na faɗa masa.

Shekara ta shida ban je tunga ba, shi ya zo. Ranar kasuwa ce, CSI cike. Na leƙo na gan shi zaune a benci cikin layi, amawali a ƙasan haɓa, hannun riga ɗaya a naɗe an soke da allura. Mutumin da ke kusa da shi ya ɗan matsa gefe, Lawali ya bi shi ya matsa, ya tambaye shi kuɗin gero a kasuwa. Da layi ya zo kansa na duba dungun, na taɓa, na lalubi hammata, lafiya lau. Na ɗauko ƙwarya da faifai na ajiye, na fara juya kujera yadda na saba.

Ya ce, «A'a, Majo. Juyo. Ka kalle ni.»

Na juyo. Ya zuba da hagu, ɗaya bayan ɗaya, yana kallon cikin idona, har bakwai. Uku suka rage a tafinsa. Ba ya cikin fish, amma na tambaye shi na mene ne ukun.

Ya ajiye ɗaya a kan tebur. «Wannan hannuna ne.» Ya ajiye na biyu. «Wannan jana'izar Inna ce.» Na ukun ya daɗe yana juya shi, sannan ya kamo hannuna ya sa mini a tafi ya naɗe yatsuna a kai.

«Wannan naka ne. Shekara biyar ina jin ƙarar motonka daga kufai. Duk shekara ina tsoron ka gane, kuma duk shekara in ka wuce sai in ji haushi ba ka gane ba. Na yafe maka, amma ka riƙe.»

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanenmu suna da kunya, suna da kara, za su ba ka amsar da suka ga fuskarka tana so, har su yi maka ƙarya don kada ka koma gida da ɓacin rai. Kuma wanda wuta ta ci, daɗin rayuwarsa ba ya tafiya a miƙe, yana hawa yana sauka, abin da ke ɗaga shi sau da yawa ba ya cikin takardarmu. Ni kuwa kunyar da na ji ta amawali, da daɗin yabo, su suka ci hannun Lawali. Ku ji kunyar mutum, ku nemi izini, ku kori kowa daga ɗakin, amma ku ce ya buɗe, ku gani, ku taɓa.

Lawali yana nan da ransa, ya koma tunga, bara ma ya aiko mini da ɗan akuya. Ƙwaryar na bar wa wanda ya gaje ni, da ƙwallo tara, na ce ya nemi cikon ɗaya da kansa. Na goman ga shi nan a aljihuna, duk rigar da na sa sai na mayar da shi ciki. Ungo, ke ta gaba, karɓi ki taɓa, ki miƙa wa na kusa da ke. In ya zagaya ku dawo mini da abina.